Sifawa, Boɗinga da Shagari: Garuruwan da Baƙo Ya Gina, Yau Kuma Yake Wuce Su

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa. Allah Ya ƙara yarda ga Sidi Abdulƙadir Jilani, da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙaninsa Malam Abdullahi, da ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da jama'arsu baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, duk wanda ya taho wannan taro namu daga kudu, ya biyo ta Kwantagora da Yawuri da Jega, to babu makawa ya ratsa Tambuwal, ya ratsa Shagari, ya ratsa Boɗinga da Sifawa, kafin fitilun Sakkwato su bayyana gare shi. Na tabbata da yawa daga cikinmu suna gyangyaɗi a mota aka wuce waɗannan garuruwa, wasu kuwa ba su tsaya ba sai don shan mai ko kama ruwa. Alhali kuwa a wannan ɗan tsakani, wanda mota ke cinyewa cikin ƙasa da sa'a guda, aka rubuta wani babban sashe na littattafan da muke karantawa a zaurukanmu har yau, a nan ne kuma aka tsara yadda za a tafiyar da daular da muke alfahari da ita.

A 'yan shekarun nan ana yawan maganar bunƙasar birnin Sakkwato, da yadda za a jawo masu yawon buɗe ido domin tattalin arzikin jiha ya ƙaru. Magana ce mai kyau, ba ni da ja a kanta. Sai dai na ga ya kamata mu almajirai mu sa baki, domin wuraren da ake son a nuna wa baƙi gadonmu ne, kuma tarihinsu da kansa ya riga ya bayyana irin baƙon da ke gina gari: shi ne wanda ya sauke kayansa, ya kwana, ya ci daga kasuwar garin, ya tafi da wani abu a ƙirjinsa. Wanda ya leƙo ta tagar mota bai taɓa gina ko da rumfa ba.

Bari mu fara da Sifawa da Boɗinga. Tun daga shekarar 1805 Gwandu ce mazaunin Jama'a. Da Allah Ya ba su nasara a kan Alƙalawa a 1223 ta Hijira, wato 1808, sai hankali ya soma kwanciya, aka fara tunanin wurin zama na dindindin. Muhammadu Bello ya kama ginin Sakkwato a 1809, a kan tudun da ke kallon mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Shi kuwa Shehu, wajen 1225 (1810), sai ya taso daga Gwandu ya sauka Sifawa, Malam Abdullahi kuma ya zauna Boɗinga, tafiyar da ba ta kai sa'a guda a ƙafa ba tsakaninsu. Shehu bai gina fada a Sifawa ba. Ya janye jikinsa daga hidimar mulki ta yau da kullum, ya koma ga abin da ya fi so tun yana Ɗegel, wato karantarwa da wallafa. A shekarun zamansa na nan ya rubuta Sirajul Ikhwan a 1811, da Najmul Ikhwan a 1812, da Ta'alimul Ikhwan a 1813, da wasu da dama. A nan ne kuma, a 1812, ya raba ɗawainiyar ƙasa, ya damƙa gabas a hannun Bello, yamma a hannun Malam Abdullahi.

To, ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna abin da zaman irin wannan malami yake haifarwa a ƙaramin gari. Sarakunan da aka ba tuta suna aiko da manzanni da tambayoyi, manzo kuwa ba ya zuwa shi kaɗai, yana tare da masu rakiya da dawaki, doki yana son harawa da dawa, mai doki yana son masauki. Ɗalibin da ya taso daga Katsina ko Zazzau ko Bauci ba don kwana uku ya zo ba, ya zo ne sai ya sauke littafi, wani ma sai ya yi aure ya kafa gida. Kowane ɗalibi yana buƙatar tawada da alƙalami da allo, yana buƙatar takarda, wadda a wancan ƙarni daga bayan Sahara fatake ke kawo ta, har ma da irin mai alamar jinjirin wata uku da ake yi a ƙasar Italiya. Idan ya gama kwafar littafi sai ya nemi baduku ya yi masa bango da gafaka. Baduku yana jiran majemi, majemi yana jiran mahauci, mahauci yana jiran makiyayi, matar makiyayin kuma ta shigo gari da nono da man shanu ta koma da gishiri da zare. Masaƙi da marini da maɗinki duk sun samu abin yi, saboda malami da ɗalibinsa ba su zama ba riga da rawani. Haka darasin da ake yi a zaure bayan la'asar yake motsa kasuwa ba tare da mai darasin ya nufi haka ba. Wannan shi ne asalin arzikin Sifawa da Boɗinga a waɗancan shekaru: ilmi ya tara mutane, mutane suka zauna, zamansu ya tara sana'a.

Game da Boɗinga kuwa, ya isa abin alfahari a ce a shekarun zamansa na can ne Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukh a 1812, inda ya ambaci malaman da ya yi karatu a wurinsu, da Tazyinul Waraƙat a 1813, inda ya tattara waƙoƙinsa tare da labarin jihadi, sa'an nan ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awil a 1231 (1816). Tafsirin nan an buga shi a Misira, ana karanta shi a ƙasashe da dama, amma ƙalilan ne daga masu karanta shi suka san sunan garin da mawallafinsa yake zaune lokacin da yake rubuta shi. Kuma kada mu manta wane ne Malam Abdullahi. Shi ne wanda ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin mayaƙa, ransa ya ɓaci, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki, har mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam ya karantar da su tafsiri, kafin ya komo. Duk wanda zai yi maganar samun kuɗi da sunan Boɗinga, to ya tuna da halin mai garin, ya ji nauyinsa.

Wannan zamani bai daɗe ba. A 1230 (1815) Shehu ya ƙaura zuwa Sakkwato, ya rasu a can ranar 3 ga Jimada Akhir 1232, daidai da 20 ga Afrilu 1817. Da labari ya isa Boɗinga, Malam Abdullahi ya hau ya nufi birni, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, sai ya juya, daga baya ya koma Gwandu da zama. Abin da ya gudana tsakanin waɗannan manya ba na bakin irinmu ba ne. Abin da muka sani shi ne bayan 'yan shekaru sun haɗu a yaƙin Kalambaina ta kusa da Gwandu, Malam Abdullahi ya yi wa ɗan ɗan'uwansa mubaya'a, zumunci ya koma yadda yake. Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a 1245 (1829), Bello ya rasu a Wurno a 1253 (1837). Saboda haka manyan hubbarori uku suka kasance a Sakkwato da Gwandu da Wurno, ƙafar masu ziyara ta karkata can. Sifawa da Boɗinga ba su mutu ba, sun ci gaba da zama garuruwan sarauta da noma da malanta, amma taron da ya cika su ya bi malamansa ya tafi.

Magabatan nan ba su ɗauki raya gari a matsayin abin da ya saɓa wa zuhudu ba. Sarkin Musulmi Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a, da zaunar da su a garuruwa gwargwadon buƙata, da gyaran kasuwanni da hanyoyi da ganuwa, cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba. Shi da kansa ya kafa garuruwan ribaɗi, ya ja hankalin makiyaya su zauna wuri guda domin 'ya'yansu su samu karatu. Don haka in wani ya ce maganar hanya da ruwa da masauki ba ta dace da takardar taron zikiri ba, sai mu ce masa ya koma ga Bello.

Shagari kuwa wani tafarki ta biyo. Ita hanya ce ta raine ta. Iyalan gidan sarautar garin suna danganta kafuwarsa ga kakansu Ahmadu Rufa'i, kuma garin yana kan turbar da ta haɗa Sakkwato da Tambuwal, garin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, da Gwandu, da babbar kasuwar Jega, inda fataken goro masu zuwa Gwanja suke bi. Ayari in ya sauka zango, sai matan gari su fito da fura da tuwo da ƙosai, samari su kawo ciyawa da itace, maƙeri ya gyara abin da ya karye, madugu ya biya kuɗin sauka. Wannan ma baƙo ne mai kwana. Ta wannan yanki Baturen nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya bi a 1853, ya ratsa Boɗinga a kan hanyarsa daga Sakkwato zuwa Gwandu, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, kuma a Gwandu ne ya samu kwafin Tarikhus Sudan ya zauna yana kwafar abin da ya iya daga ciki. Ku duba, ya 'yan'uwa: wanda ba Musulmi ba ya taso daga Turai, abin da ya tsayar da shi kwanaki a garin Malam Abdullahi littafi ne.

Hanya ba alheri kaɗai take kawowa ba. A watan Maris na 1903, a Shagari ne rundunar Turawa da ta taso daga Kano ta haɗu da wadda ta taso daga Argungu, daga nan suka nufi Sakkwato, aka yi karon Giginya ranar 15 ga wata, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Bayan shekara uku, a 1906, aka shafe garin Satiru, wanda ke kudu da Sakkwato ba nisa da Danchadi, ba a sake zama a cikinsa ba. Yaro nawa ne a makarantun Boɗinga da Shagari yau zai iya nuna maka inda waɗannan abubuwa suka auku?

A ƙarni na ashirin sunan Shagari ya zagaya duniya ta dalilin ɗanta, Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a garin a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a Sakkwato da Argungu, ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa ƙarshen 1983. Abin da ya kamata mu riƙe game da shi a nan shi ne malamin makaranta ne mai son tarihin Shehu, har ya haɗu da Jean Boyd suka wallafa littafi da Turanci a kan shugabancin Mujaddadi a 1978. Bayan juyin mulki an tsare shi har 1986, sa'an nan aka mayar da shi garinsu. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba 2018, aka kawo shi Shagari aka yi masa sutura. Akwai abin lura a nan. Kusan duk babban birnin da ka shiga a ƙasar nan za ka tarar da unguwar da ake kira gidajen Shagari, saboda rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi da gwamnatinsa ta gina, amma garin da ya ba da sunan bai tashi daga matsayin garin bakin hanya ba. Masu zuwa gaisuwa da ta'aziyya sun zo da jerin motoci, sun yi addu'a, sun koma Sakkwato sun kwana.

Garin yana da madatsar ruwa, wadda ake noman rani da kamun kifi a gefenta, kuma nakan ji ana cewa za ta yi kyau da wurin shaƙatawa. Ni dai duk lokacin da aka ambace ta, abin da ke faɗo mini shi ne watan Afrilu na 2022, cikin azumi, sa'ad da kwalekwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen ƙauyen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara da matasa masu zuwa neman itace. Allah Ya gafarta musu. Ruwan da ɗan gari ba ya ƙetare shi cikin aminci, ban ga yadda za a gayyato baƙo ya hau shi don nishaɗi ba. A fara da jirgi mai lafiya da rigar ruwa ga masu ƙetarawa kullum.

Yanzu mu dawo ga birni. Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ta samu jami'a a 1975, ta zama hedikwatar Jihar Sakkwato a 1976, kuma tun daga lokacin take faɗaɗa. Ɗaya daga cikin fuskokin da ta fi miƙewa ita ce wannan hanya ta kudu. A kanta kwalejin horon malamai mai sunan Shehu Shagari take, ta nan ake zuwa filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na uku, ta nan kuma aka kafa Jami'ar Jihar Sakkwato a 2009. Wanda ya san hanyar shekara talatin da suka wuce ya san gonakin gero da dawa ne hagu da dama. Yau gidajen mai ne da katangun bulo da turakun safiyo. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Boɗinga tana da mutum fiye da dubu 170, ta Shagari fiye da dubu 150, kuma babu mai shakkar sun ƙaru ƙwarai tun daga nan. Birni yana tafe wajen Sifawa, ko mun so ko mun ƙi.

Zuwan birni yana da amfani: gona ta yi daraja, ɗan gari ya samu aikin gini, mai albasa da mai tumatir sun samu kasuwa kusa. Haɗarinsa kuwa shi ne fuloti bai san tarihi ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, ta ƙauye kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin amfani da ita, kuma a gaban hukuma takarda ce ke magana. Wurin da dattawa kawai suka san darajarsa, ba a auna shi ba, ba a rubuta shi ba, to ranar da magada suka zo rabon gado gona ce kamar kowace gona. Mun ga yadda gine-gine suka cinye sassa masu yawa na ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu. Mun ga yadda aka rushe tsohuwar ganuwar Ajyad ta zamanin Turkawa a Makka a 2002 aka gina dogayen benaye a gurbinta. In abin da ke da wannan suna bai tsira ba, ina ga kufan zaure a Sifawa?

Akwai darasi a ƙasar Senegal. Shehu Ahmadu Bamba ya kafa Tuba a 1887 a cikin daji, ya rasu a 1927, aka buɗe babban masallacinta a 1963, yau kuma ita ce birni na biyu a yawan jama'a a ƙasar, kuma kowace shekara ranar 18 ga Safar miliyoyin mutane ke taruwa a can. Ba ɗariƙarmu ɗaya ba, amma 'yan'uwa ne, kuma abu biyu suka yi da ya kamata mu duba. Na farko, tun zamanin Faransawa suka nemi takardar mallakar filin da ke kewaye da masallacin, suka riƙe rabon filaye a hannun halifa. Na biyu, baƙonsu a gidajen mutane yake sauka, a ciyar da shi, shi kuma ya yi sayayya a garin. Ba na cewa Tuba ba ta da matsala, domin ƙarancin ruwan sha da ambaliyar damina suna wahalar da ita, sakamakon girman da ya wuce shiri. Wannan ma darasi ne.

Ba sai mun je Senegal ba ma. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jaji take jagorantar matan ƙauye su taho da ƙafa, ɗauke da hatsi da man shanu da zare na sadaka, su sauka kwanaki, a karantar da su, su koma garuruwansu su karantar. Abin da suka kawo da shi ake ciyar da marasa ƙarfi. Wannan ita ce ziyara a yadda muka gada: tafiya ce ta neman ilmi da albarka, mai masauki ya amfana, baƙo ya amfana. Bambancinta da yawon buɗe ido a niyya yake da ladabi, amma ta fuskar ɗan kasuwar gari buƙatunsu ɗaya ne, wato ruwa, da makewayi mai tsabta, da wurin kwana, da wanda zai yi bayani na gaskiya, da hanya mai aminci. Maganar aminci ba ƙarama ba ce. Tun wajen 2019 ta'addancin 'yan bindiga a gabashin jihar ya sa zuwa kufan Alƙalawa, a ƙasar Sabon Birni, ya zama abin tsoro. Wannan ya ƙara nauyi a kan wuraren da ke kusa da birni.

Laifin ba na hukuma kaɗai ba ne, namu ya fi yawa. A shekarar 1982, ina yaro, na bi malaminmu, Allah Ya jiƙansa, ziyara Sifawa. A bayan a-kori-kura muka je, mu goma sha wani abu. Kwana biyu muka yi a zauren wani dattijo. Da safe aka aike mu kasuwa sayen gero da nono da itace, matan gidan suka dama mana fura, malam ya ba su abin da ya sawwaƙa. Bayan la'asar ya buɗe Najmul Ikhwan ya karanta mana, mutanen unguwa suka cika zauren har waje, ya ce mana mu riƙe a zukatanmu cewa a garin nan aka rubuta abin da muke ji. Ban taɓa mance wannan darasi ba. Shekarun baya kaɗan kuma na sake zuwa tare da ayarin 'yan'uwa, motoci manya guda shida. Mun taho da abincinmu a kuloli daga gida, da ruwan leda buhu-buhu. Muka sauka, aka yi fatiha, matasa suka ɗauki hotuna da waya, mai kula da tafiya yana ta duba agogo saboda a kai Gwandu kafin azahar. Ba mu yi minti talatin ba. Abin da muka bar wa garin shi ne ledojin ruwa da 'yan canjin da aka miƙa wa yara. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, to raɓa ma tana jiƙa ƙasa kafin ta tashi, mu ko wannan ba mu yi ba. Na tuna an yi irin haka a babban mataki a 2004, lokacin bikin cika shekara 200 da kafa daula: manyan baƙi sun cika Sakkwato, aka yi jawabai, aka watse.

Abin da nake roƙon shugabanninmu da muƙaddamai su duba ba ya buƙatar jiran kasafin gwamnati. Mota shida mai ɗaukar mutum talatin-talatin mutum 180 ke nan. In waɗannan suka kwana ɗaya a Boɗinga, suka sayi abincin dare da na safe a garin, suka biya masu masauki, to mai shinkafa da mahauci da mai itace da mai shayi duk sun san an yi baƙi. In zawiyoyi goma suka yi haka a shekara, ɗan gari da kansa zai gina ɗakunan saukar baƙi ba tare da an roƙe shi ba, ya ware na mata daban. Kuma a sa wa kwanan dalili: a buɗe Liya'ut Ta'awil a Boɗinga, a karanta littattafan Shehu na Sifawa a Sifawa, a gayyaci malaman garin su ne za su jagoranci majalisin, domin da ɗan gari akan ci gari. A Shagari a tsaya a yi wa Turaki addu'a, a kuma samu wanda zai ba matasa labarin 1903 a wurin da abin ya faru.

Sai maganar takarda, wadda ita ce ta fi gaggawa. Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, tana da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, akwai kuma hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi. Hanyar da shari'a ta ba mu ita ce waƙafi: a zauna da sarakunan garuruwan da magadan filayen, a tantance wuraren da ke da alaƙa da Shehu da Malam Abdullahi, a saya daga hannun masu su da farashin adalci in ana buƙatar saye, a kawo safiyo ya auna, a kafa turaku, a rubuta. Kada a ƙwace gonar kowa da sunan albarka, domin mawallafin Liya'ul Hukkam ba zai yarda da haka ba. Kada kuma a rushe ginin ƙasa a maye shi da tayil da fenti a ce an gyara. Magina na gargajiya suna nan, a ba su aikin. Tare da wannan, a tura ɗalibai biyu ko uku masu hankali su zauna da tsofaffin garuruwan, maza da mata, su naɗi abin da suka ji daga iyayensu, a ajiye kwafi a cibiyar tarihi. A rubuta kowace riwaya da sunan mai ita, a bambance abin da littafi ya tabbatar da abin da baki ya ɗauko, kamar yadda aka koya mana a ilmin isnadi.

A waccan tafiya ta 1982, dattijon da ya sauke mu ya raka mu da ƙafa zuwa Boɗinga. A tsakiyar hanya ya ratse da mu cikin gona, ya nuna mana wata tsohuwar tsamiya da rijiya a gindinta, ya ce ya ji daga kakansa cewa a nan ɗalibai masu kai da komowa tsakanin zauren Shehu da na Malam Abdullahi suke hutawa su yi muraja'a. Malam ya sa muka zauna muka karanta abin da ya sawwaƙa. Bara na koma ni kaɗai a kan babur ɗin haya, na nemi gidan, aka ce dattijon ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa ma saura ɗaya, yana Legas. Jikansa ne ya fito, saurayi mai ladabi, ya ce ya taɓa jin maganar tsamiyar amma bai san wace ce ba. Muka yi ta zagaye har rana ta yi zafi. Inda nake zaton ita ce, mun tarar da katangar bulo da ƙofar ƙarfe a kulle, an rubuta lambar waya da jan fenti a jikinta.